Tabar Wiwi da Taɓin Hankali: Wa Take Kamawa, Kuma Ta Yaya?

Akwai gardamar da ba ta ƙarewa a majalisun samari, daga Birnin Kebbi har Argungu, a tashar 'yan kabu-kabu da rumfar masu gyaran injin ban-ruwa. Wani zai ce wiwi hauka ce tsagwaronta, duk wanda ya zuƙa ya kama hanyar bola. Wani ya ce sharri ne ake yi wa ganye, ya kawo misalin dattijon da ya shekara talatin yana sha, yana nomansa, ya aurar da 'ya'ya, ko sau ɗaya bai taɓa tuɓe riga a kasuwa ba. Kowa da shaidar da ya gani da idonsa, shi ya sa babu mai sauka daga kan bakansa.

Abin da likitoci suka tara na bincike a shekaru kusan arba'in ya gaskata shaidun biyu, ya kuma rushe hukuncin da kowanne ɓangare ya yanke. Galibin masu shan wiwi ba sa haukacewa. Amma wiwi tana ninka haɗarin taɓin hankali, kuma ninkin ya danganta da abu huɗu: shekarun da mutum ya fara, yawan shan da yake yi, ƙarfin wadda yake sha, da irin gadon da ya ɗauko daga gida. Wanda ya fahimci yadda take aiki cikin kai zai gane dalilin da ya sa ta bar wani ta kama wani, zai kuma san abin yi ranar da ta kama nasa.

Yadda ta iso mana

Wiwi baƙuwa ce a Nijeriya idan aka gwada ta da taba ko goro. Likitocin da suka fara rubutu a kanta, irin su Farfesa Tolani Asuni a 1964, sun danganta yaɗuwarta da sojoji da ma'aikatan jiragen ruwa da suka dawo daga Indiya da Bama da Arewacin Afirka bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tun a wancan lokaci Asuni da Farfesa Adeoye Lambo na asibitin Aro a Abekuta suke ganin samarin da ake kawo musu a rikice bayan shan ta. Gwamnatin soja ta 1966 ta yi mata doka mai tsauri, har da hukuncin kisa ga mai noma ta, daga baya aka sassauta. A 1989 aka kafa hukumar NDLEA. Duk da haka ganyen bai daina yaɗuwa ba.

Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha wani kayan maye a shekarar da ta gabaci binciken. Miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha, wato ta fi tramol da kodin da sauran ƙwayoyi masu shaye nesa ba kusa ba. A shiyyar Arewa maso Yamma, inda Kebbi take, masu shan kayan maye kashi 12 cikin 100 ne, mutum kimanin miliyan 3.

Yawancin wiwin da ake sha a Arewa daga dazuzzukan Ondo da Edo da Osun da Ekiti take fitowa. Kebbi kuwa tana kan hanya: babban titin da ya taso daga Kontagora ya ratsa Yawuri da Koko da Jega, ga iyaka da Nijar ta Kamba, ga iyaka da Benin ta ɓangaren Bagudo. Ga kuma aikin ƙarfi da ba ya yankewa. Tun da noman shinkafa ya bunƙasa a fadamun Rima, rani da damina, yaro ɗan shekara goma sha biyar yana iya samun kuɗin kansa a dashe ko yanka ko dako. Can cikin abokan aiki yake fara jin cewa zuƙa biyu tana kashe gajiya, tana sa a manta da zafin rana.

Abin da ke faruwa cikin kai

Ganyen wiwi yana ɗauke da sinadarai masu yawa, amma wanda ke bugarwa shi ne ake kira THC. Masana biyu a Isra'ila, Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni, su suka fara ware shi a 1964. Bayan haka aka shiga neman yadda yake kama ƙwaƙwalwa. A 1988 Allyn Howlett da William Devane a Amurka suka gano cewa ƙwayoyin jijiyar ƙwaƙwalwa suna da wasu makarɓai na musamman da THC ke maƙalewa a jikinsu, waɗanda aka raɗa wa suna CB1. Wannan ya tayar da wata tambaya: me ya sa ƙwaƙwalwar ɗan Adam za ta zo da makarɓin sinadarin wani tsiro? Amsar ta fito a 1992 da 1995, lokacin da aka gano cewa jiki da kansa yana haɗa sinadarai biyu masu amfani da makarɓan nan, anandamaid da 2-AG. THC kutse kawai yake yi cikin tsarin da Allah Ya halitta don wani aiki.

Ga aikin. Ƙwaƙwalwa tana da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma suna magana da juna ta hanyar fesa sinadarai a ɗan tazarar da ke tsakaninsu. Wani sinadari, gulutamet, yana zuga ƙwayar da ke gaba ta motsa. Wani kuma, GABA, yana kwantar da ita. Idan saƙo ya yi wa ƙwayar da ke karɓa yawa, sai ta haɗa 2-AG ko anandamaid nan take, ya koma baya zuwa ga mai aikowa, ya taɓa CB1, mai aikowa ya rage fesawa. Cikin ɗan lokaci kaɗan jiki ya narkar da sinadarin, komai ya koma daidai. Ana yin wannan ne a gurbi ɗaya, a lokacin da ake bukata, gwargwadon bukata.

Duk wanda ya taɓa ban-ruwa a fadamar Argungu ya san yadda ake yi: a sa fartanya a buɗe bakin fangali ɗaya, ya sha, a toshe da laka, a wuce na gaba. Haka sinadaran jiki suke aiki. THC kuwa ambaliya ce irin ta 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a Kebbi: ruwa ne dai, amma ya shiga kowane fangali lokaci guda, mai ƙishi da wanda ya ƙoshi, ya kuma kwanta ya ƙi janyewa. Hayaƙi yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu, buguwa ta kai ƙarshen ƙarfinta kafin rabin awa, ta ɗauki awa biyu zuwa uku. Idan an dafa ta a shayi ko abinci, sai ta yi jinkirin rabin awa zuwa awa biyu kafin ta tashi, mutum ya ɗauka ba ta kama ba ya ƙara, sannan ta taso masa gaba ɗaya ta daɗe. THC yana kuma ɓuya a kitsen jiki, shi ya sa gwajin fitsari ke iya nuna shi makonni bayan mai sha kullum ya daina.

Wuraren da makarɓan CB1 suka fi yawa su ke bayyana halin mashayi. Suna da yawa a sashen da ke ajiye sabon abin da aka ji ko aka gani, sai ka ga mutum ya fara magana ya manta inda ya dosa. Suna da yawa a sashen ƙeya mai daidaita motsi, sai ɗan kabu-kabu ya makara wajen taka birki. Akwai su a sashen da ke kula da yunwa, da sashen tsoro, da sashen goshi inda ake auna abu kafin a aikata. A gindin ƙwaƙwalwa, inda ake sarrafa numfashi, ba su da yawa. Shi ya sa wiwi ba ta tsayar da numfashi yadda tramol da kodin ke yi idan sun yi yawa, kuma a nan samari ke samun hujjar cewa ba ta kisa. Ɓarnarta a wani wuri take.

Daga buguwa zuwa zargi

Akwai wani sinadari mai suna dofamin. An fi saninsa da jin daɗi, amma babban aikinsa shi ne ya yi wa abu alamar muhimmanci: ƙarar mota a bayanka, kiran sunanka a cikin taro, ƙamshin abinci ga mai yunwa. Ƙwayoyin da ke fitar da shi suna ƙarƙashin tsaron ƙwayoyin GABA. Idan THC ya kashe bakin masu tsaron, dofamin sai ya fita ba bisa ƙa'ida ba, saƙonnin gulutamet su ma su hargitse.

Wani likitan ƙwaƙwalwa, Shitij Kapur, ya yi bayani a 2003 kan abin da ke biyo baya, kuma bayaninsa ya karɓu sosai. Idan alamar muhimmanci ta fara sauka a kan abin da ba shi da wani muhimmanci, mutum zai ji duniya ta cika da ishara. Maƙwabci ya yi tari, sai ya ji da shi ake. Babur ya wuce ƙofar gida sau biyu, sai ya ce bibiyarsa ake yi. Mai karanta labarai a rediyo ya faɗi wata kalma, sai ya ce saƙo ne aka aiko masa. Hankali ba ya iya zama da irin wannan ba tare da ya nemo dalili ba, kuma dalilin da yake samowa daga cikin abin da mutum ya taso yana ji ne. Bature zai ce hukumar leƙen asiri ce ta sa masa na'ura. Namu zai ce jifa ne, ko sammu, ko kishiyar uwa, ko mutanen ɓoye. Wani kuma ya fara jin muryoyi suna zaginsa ko suna ba shi umarni, domin ƙwaƙwalwarsa ta daina gane cewa tunanin nasa ne. Magungunan da likitoci ke bayarwa tun daga 1952, tsofaffi da sababbi, kusan duk rage tasirin dofamin suke yi, kuma idan sun kama sai muryoyin su yi nisa, zargin ya yi sanyi.

Ya kamata a bambanta hawa uku, domin rikita su ne ke rura gardama. Na farko buguwa ce mai zuwa da tsoro da faɗuwar gaba da zargi, ta wuce cikin awanni. Na biyu taɓin hankali ne da wiwi ta tayar, wanda ke ci gaba kwanaki ko makonni bayan hayaƙin ya fita. Na uku ciwo ne mai ɗorewa, wanda likitoci ke kira sikizofireniya, mai tafiya yana dawowa ko da mutum ya daina sha. Hawa na biyu shi ya fi kamata a ji tsoro, saboda yakan wuce a ce an warke. Binciken da aka yi a Denmak, wanda aka buga a 2018, ya bi mutanen da aka taɓa kwantarwa a kan taɓin hankalin da wiwi ta tayar, ya iske kashi 47 cikin 100 daga baya an tabbatar musu da sikizofireniya ko ciwon nan mai kai mutum sama ya dawo da shi ƙasa. A Finlan ma an samu kashi 46 cikin shekara takwas. Kusan rabi ke nan.

Ina hujja?

Zancen ya daɗe. Tun 1845 wani likitan Faransa, Moreau de Tours, ya rubuta littafi a kan hashish, wato wiwi da aka sarrafa, da taɓin hankali. Amma hujja mai nauyi ta fara fitowa ne a 1987 daga Suwidin, inda aka bi samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja har tsawon shekara 15. Waɗanda suka ce sun sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba sau shida wajen kamuwa da sikizofireniya. A Dunedin ta ƙasar Niyu Zilan an bi yara kimanin dubu tun daga haihuwa, a 2002 aka ba da rahoton cewa cikin waɗanda suka fara sha kafin su wuce shekara 15, ɗaya cikin goma ya nuna irin wannan ciwo kafin shekara 26, alhali a sauran kashi 3 ne cikin 100.

A 2019 Marta Di Forti da abokan aikinta suka kwatanta majinyata 901 da ciwon ya fara kamawa da masu lafiya 1,237 a wurare 11 na Turai da Barazil. Mai sha kullum haɗarinsa ya ninka sau uku. Mai shan mai ƙarfi kullum, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 ko fiye, ya ninka kusan sau biyar. Sun ƙiyasta cewa da babu mai ƙarfin a kasuwa, da an kauce wa kusan kashi 30 na sababbin masu ciwon a Landan, da rabinsu a Amstadam. Wani binciken na 2023 da ya duba bayanan mutum miliyan 6.9 a Denmak ya ce a cikin maza 'yan shekara 21 zuwa 30, har kashi 30 na masu sikizofireniya ana iya danganta nasu da mugun shan wiwi.

Masu ja da wannan suna da maganar da ba a yar da ita. Suna cewa wataƙila wanda ciwon ya riga ya fara yi wa sallama ne ke neman wiwi don ya samu sauƙi. Suna cewa akwai gadon halitta da ke jan mutum zuwa ga wiwi da ciwon gaba ɗaya, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna akwai ƙamshin gaskiya a nan. Suna ƙara da talauci da maraici da sauran ƙwayoyin da ake haɗawa. Idan aka cire tasirin waɗannan, alƙaluman suna raguwa, amma ba sa ɓacewa. Abu uku ke ƙarfafa cewa wiwi da kanta tana da hannu. Shan yakan riga ciwon da shekaru. Haɗarin yana hawa daidai da yawan sha da ƙarfin ganye. Sannan an gwada kai tsaye: a 2004, a Jami'ar Yale ta Amurka, Deepak D'Souza ya yi wa mutum 22 masu cikakkiyar lafiya allurar THC, aka ga zargi da rikicewar tunani sun bayyana a wasunsu na 'yan awanni, suka wuce.

To ina dattijon da ya shekara talatin yana sha? Lissafi ya ba shi wuri. A cikin jama'a, kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne ke kamuwa da sikizofireniya a rayuwarsa. Ko an ninka sau huɗu, huɗu ne cikin ɗari, saura 96 suna yawonsu. Kowane mashayi zai iya nuna abokai da yawa da ba abin da ya same su. Sai dai idan masu sha kullum dubu ne a gari, ƙarin ukun nan cikin ɗari gida talatin ne da za a shiga tashin hankali, kuma babu wanda aka rubuta wa a goshi cewa ba ya cikinsu.

Wanda ya fi kusa da rami

Na farko shi ne yaro. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, kuma sashen goshi ne ke zuwa ƙarshe. A shekarun balaga tana yanke hanyoyin da ba ta bukata tana ƙarfafa waɗanda za ta riƙe, kuma makarɓan CB1 suna cikin masu tsara wannan aiki. Wanda ya fara yana ɗan sakandare ya jefa THC cikin gini da ba a gama ba. Bincike ya nuna masu shan wiwi da ciwon ya kama, yakan zo musu kusan shekara uku kafin lokacin da yake zuwa wa marasa sha, wato daidai lokacin jarrabawa da koyon sana'a da neman aure.

Na biyu shi ne wanda ake da ciwon a danginsu: uwa, uba, wa, ƙane, kawu ko goggo. Mu kan ɓoye irin wannan saboda gudun gori da maganar aure, har yaro ya girma bai san abin da ya kwantar da kawunsa ba. Gaya masa gaskiya rigakafi ne.

Na uku shi ne mai shan ta zamani. Wiwin yau ba ta jiya ba ce. A Amurka, inda ake auna wadda aka kama duk shekara, THC ya tashi daga kimanin kashi 4 a 1995 zuwa kashi 12 a 2014, yayin da CBD, wani sinadarin wiwi da ba ya bugarwa, ya ragu. Irin waɗannan masu ƙarfi suna shigowa Nijeriya, NDLEA tana yawan kama su da sunaye kamar Loud da Arizona. Akwai kuma Colorado, wadda sau da yawa ganye ne da aka fesa wa sinadarin da aka haɗa a masana'anta. Shi wannan yana danne makarɓin CB1 har ƙarshe, abin da THC na tsiro ba ya yi, shi ya sa yake kawo farfaɗiya da fita hayyaci har da mutuwa. Saliyo ta ga ƙarshen wannan hanya: a Afrilun 2024 Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan irin wannan haɗi da suke kira kush.

Na huɗu shi ne mai gauraya. Da wuya a samu wanda ya tsaya a wiwi kaɗai. Ana haɗa ta da tramol, da rochi, da sholisho, wani lokaci dila ya cakuɗa ta da zaƙami, wanda shi kaɗai ma yana sa mutum ganin abin da babu. Mai saye a ƙunshin takarda bai san abin da ke ciki ba.

Ranar da ta shigo gida

Ciwon ba ya faɗowa rana ɗaya. Yaron da aka sani da fara'a ya fara kulle kansa a shago. Barcin dare ya ƙaurace masa, ya koma yi da rana. Wanka ya zama sai an yi faɗa. Ya daina zuwa gona, ya daina majalisa. A kai masa tuwo ya tura wa kaji su fara ci. Wata rana da dare ya fito tsakar gida ya tsaya yana kasa kunne.

"Inna, ba ki jin su? Tun ɗazu suke zagina ta bayan katanga."

"Wa ke zaginka, ɗan nan? Babu kowa. Shiga ka kwanta."

"Ke ma da ke aka haɗa baki."

Da safe uwar za ta samu mai gida ta ce, "Malam, wanga yaro ba lafiya ba." Daga nan shawara ta rabu. Kawu ya ce iska ce, a kira mai ruƙiya. Yayan yaron, wanda ya san inda ƙanen ke zama da yamma, ya yi shiru don kada a ce ya tona asiri. Wani ya ce a kai shi gidan mari ya horu. Sai an sayar da buhunan shinkafa an zaga ko'ina, wata shida ko shekara ta wuce, sannan a tuna da asibiti. Likitocin ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa gwargwadon daɗewar ciwon ba magani, gwargwadon wahalar dawowar mutum yadda yake.

Addu'a ba ta hana magani, magani bai hana addu'a. Abin da ke ɓarna shi ne sarƙa da bulala da yunwa. Ƙasar nan ta ga abin da ke bayan irin waɗannan ƙofofi a 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa, sannan aka buɗe wasu a Daura da wasu garuruwa. Wanda ke jin ana farautarsa, idan aka ɗaure shi aka doke shi, an tabbatar masa da zarginsa ne.

Akwai wani dalilin gaggauta zuwa asibiti: ba kowace rikicewa ce ta wiwi ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, da sanƙarau irin wanda ya ɓulla a Aliero da Gwandu da Jega a 2025, da farfaɗiya, da buguwar kai a haɗarin babur, duk suna iya sa mutum sambatu. Rikicewa tare da zazzaɓi ko sandarewar wuya ba ta jiran gobe. Haka wanda ke maganar kashe kansa ko ya ce muryoyi na umartarsa ya cutar da wani: a kawar da wuƙa da maganin ƙwari, kada a bar shi shi kaɗai, a nufi asibiti. Kafin a isa, kada a yi gardama da shi kan abin da yake ji, kada kuma a gaskata masa. A yi magana a hankali, mutum ɗaya, wanda ya fi yarda da shi.

A gaban likita a faɗi gaskiyar abin da yake sha. Dokar NDLEA ta tanadi ɗauri mai tsawo ga wanda aka kama da wiwi, kuma tsoron wannan na sa iyaye su ɓoye. Likita ba ɗan sanda ba ne, kuma maganin da zai rubuta ya danganta da abin da aka gaya masa. Manyan asibitocin Birnin Kebbi su ne matakin farko, sannan ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato, wanda ke karɓar majinyata daga Kebbi da Zamfara.

Bayan an sallamo shi, abu biyu ke yanke hukunci: ya riƙe magani, ya rabu da wiwi. Waɗanda suka ci gaba da sha sun fi yawan komawa gadon asibiti, waɗanda suka daina kuwa sukan yi kusa da waɗanda ba su taɓa sha ba. Dainawa tana da wuya a farko. Kwana ɗaya zuwa uku bayan zuƙar ƙarshe sai fushi da rashin barci da munanan mafarkai da rashin cin abinci su taso, su yi tsanani a makon farko, su lafa cikin mako biyu ko fiye kaɗan. Hoton ƙwaƙwalwa ya nuna makarɓan CB1, waɗanda ke raguwa a jikin mai sha kullum, suna farfaɗowa cikin kimanin wata guda. Iyali su san da wannan, don kada su ɗauki fushin makon farko a matsayin rashin tarbiyya.

Abin da ya rage mana

Samari suna da waya a hannu. Sun san Urugwai ta halatta wiwi a 2013, Kanada a 2018, Jamus a 2024, sun kuma ji ana yin maganin farfaɗiya da CBD. Malami ko uba da ya ce musu duk mai sha mahaukaci ne ya zubar da maganarsa, domin sun san ba haka ba ne. Abin da zai shige su shi ne gaskiya da ƙididdigarta: ƙasashen da suka halatta ɗin ma sun haramta wa yara, kuma maganin da aka tace aka auna daban yake da ƙunshin dila. Musulunci ya sa kare hankali cikin manyan abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, malamai irin su Ibn Taimiyya sun yi hukunci a kan hashish tun ƙarni bakwai da suka wuce. Wa'azin zai fi kama zuciya idan ya zo tare da bayanin yadda abin ke aiki.

Ɓangaren hukuma kuwa, dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba majinyaci haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne ga mutum fiye da miliyan 200, kuma ba za su isa kowane gari ba nan kusa. Abin da Kebbi za ta iya yi yanzu shi ne ta horar da ma'aikatan jinya da na asibitocin karkara su gane alamun farko, ta tabbatar akwai magani mai araha a Argungu da Yawuri da Zuru da Kamba, don kada mai karɓar maganin wata-wata ya yanke saboda kuɗin mota.

Sannan a jawo malaman ruƙiya da masu maganin gargajiya da masu unguwanni, tunda wurinsu ake fara zuwa. An taɓa yin haka a ƙasar nan. A 1954 Lambo ya fara saukar da majinyata a gidajen ƙauyen Aro tare da danginsu, suna zuwa asibiti da rana, yana aiki kafaɗa da kafaɗa da masu maganin gargajiya, har duniya ta zo koyo. Malamin da zai yi wa yaro addu'a, ya kuma ce wa ubansa, "Alhaji, gobe da safe ku kai shi asibiti, ni ma zan bi ku," ya ceci watannin da ba a mayar da su.